Cizon gizo-gizo mai dafi a Saudiyya: abin yi daga minti na farko zuwa warkewa

Nau'in gizo-gizo da masana suka ƙidaya a duniya ya wuce 50,000, kuma kusan dukkansu suna da dafi, domin da shi suke kashe ƙudaje da sauran ƙwarin da suke ci. Amma waɗanda dafinsu ke iya kwantar da mutum ba su taka kara sun karya ba. A wannan yanki na Larabawa dangi biyu ne kawai suka isa a yi maganarsu. Duk da haka, a tsakaninmu Hausawan Makka da Jidda da Madina, kusan kowane ƙurji da ya fito cikin dare sai a ce tautau ne. Sakamakon wannan kuwa biyu ne, kuma duk ba su da daɗi. Wanda ƙwayar cuta ke cin fatarsa sai ya zauna a gida yana jiran dafi ya sauka, ciwon na ƙara nutsawa. Wanda gizon ya ciza da gaske kuma sai a taru a kansa da reza da igiyar ɗauri. Saboda haka abin lura a nan shi ne jikin mara lafiya da yadda alamu ke sauyawa daga awa zuwa awa, ko an ga gizon ko ba a gan shi ba.

Dangi biyun da ake tsoro

Na farko shi ne wanda Larabawa ke kira armala sauda, masana kuma suna ce wa danginsa Latirodektus. Tamatar ce mai cizon da ake ji. Jikinta bai fi santimita ɗaya da ɗan wani abu ba idan ba a haɗa da ƙafafu ba, cikinta ƙulele ne mai sheƙi. Wasu baƙi ne ƙirin, wasu da ɗigo-ɗigon ja a baya, wasu kuma ruwan ƙasa masu alama mai launin lemo a ƙarƙashin ciki, siffar kalangu. Wannan mai ruwan ƙasan ta fi son zama kusa da mutane, kuma ana gane ta da jakar ƙwanta, wani ɗan dunƙule fari-fari mai ƙananan tsinaye a jikinsa. Saƙarsu ba ta da tsari, zare ne birkitacce mai ƙarfi, yawanci kusa da ƙasa: ƙarƙashin kujerar roba da ta daɗe a tsakar gida, bakin murfin tankin ruwa, akwatin mitar lantarki, cikin tsohuwar taya, bayan tulin itace. Dafinta jijiyoyi yake kamawa. Yana sa bakin jijiya ya zubar da sinadaran aika saƙo gaba ɗaya a lokaci guda, shi ya sa tsoka ke murɗewa, gumi ya keto, jini ya hau.

Na biyu dangin Loksoselis ne, mai ɓuya. Ƙarami ne, ruwan ƙasa fayau, ƙafafunsa sirara, idanunsa shida a jere bibbiyu maimakon takwas na yawancin gizo. Wanda ake yawo da hotunan ɓarnarsa a WhatsApp ɗan Amurka ne, a tsakiya da kudancin ƙasar yake rayuwa. Amma yana da ɗan'uwa da ya bazu daga ƙasashen Bahar Rum zuwa Gabas ta Tsakiya, yana bin kwalaye da kayan ajiya. Shi dafinsa fata da ƙananan hanyoyin jini yake lalatawa. Ba mafaɗaci ba ne ko kaɗan. A wani gida a jihar Kansas ta Amurka an tattara irinsa guda 2,055 cikin wata shida, mutum huɗu suna kwana a gidan, babu wanda aka ciza. Yana cizo ne idan an matse shi tsakanin fata da tufa, wato lokacin saka riga ko juyi a shimfiɗa.

Sai abu shabat, wannan ƙaton mai gashi da ke fitowa a guje idan an kunna fitila a sahara. Masu kiwon raƙuma da masu gadin gona sun san shi. Ba shi da dafi. Haƙoransa na iya tsaga fata, sai a wanke a kula da wurin yadda ake kula da kowane rauni. Labaran cewa yana cin naman mai barci sun bazu sosai a zamanin yaƙin Iraƙi na 2003, kuma ba gaskiya ba ne.

Mataki na farko: minti goma na fari

Ka janye daga wurin, ka zauna. Idan gizon yana nan, ka ɗauki hotonsa da waya, ko ka kifa masa kofi, ko ka sa gawarsa a leda ko da ta murƙushe. Kada ka ɓata lokaci kana ɗaga kaya da hannu kana nemansa, ta nan ake samun cizo na biyu.

Ka duba agogo ka riƙe lokacin. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu sosai. Ka cire zobe, agogo, awarwaro ko duk abin da zai matse idan gaɓar ta kumbura. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 10, ka ɗaga minti 10, ka maimaita. Ba a ɗora ƙanƙara tsirara a fata, mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai kuma ya yi amfani da tsumma mai ruwan sanyi kawai. Ka ɗaga hannun ko ƙafar a kan matashi. Babba zai iya shan Panadol, miligiram 500 zuwa 1,000, ba a maimaitawa kafin awa 4 zuwa 6, kuma ba a wuce miligiram 4,000 a kwana ɗaya. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, sai a bi abin da ke jikin kwalba ko a tambayi mai saidaliyya, wato mai kantin magani. Ba a ba yaro asfirin.

Abu na ƙarshe, wanda mutane ke rainawa alhali ya fi komai taimakon likita: ka zagaye iyakar jan da biro, ka rubuta lokaci a gefe, ka ɗauki hoto.

Mataki na biyu: ka hana masu taimako

Wannan ya fi na farko wuya, domin waɗanda za ka hana ɗin dattawanka ne, kuma da kyakkyawar niyya suka zo. Wani zai ce a tsaga a matse, wata ta ce a kira mai ƙaho, wani ya kwance igiyar wando zai ɗaure saman cizon. Dafin gizo ɗan mitsitsi ne, kuma kafin a ɗauko reza ya riga ya shige nama. Tsaga da tsotsa da ƙaho ba sa fitar da shi, sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ɗauri yana hana jini isa gaɓar, idan kuma dafin mai cin fata ne to ka tsare shi ke nan a wuri ɗaya ya yi ɓarna son ransa. Naɗe gaɓa da bandeji tamau da ake nunawa a bidiyo don wani gizon Ostireliya ne mai saƙa kamar mazurari, kuma babu shi a nan. Lalas da ƙarfe mai zafi ƙuna ce a kan ciwo. Tafarnuwa da aka daka tana ƙona fata ita kaɗai, har likita ya kasa bambance aikin gizo da aikin tafarnuwa. Haka fetur da kananzir da toka da man goge baki.

Ba sai ka yi musu da kowa ba. Idan Inna ta taso da maganinta, ka ce mata, “Inna, ki yi masa tofi muna tafiya, likita ya fi son ya ga wurin yadda yake.” Addu'a ba ta hana mota tafiya.

Mataki na uku: awa shidan farko

A nan ake gane ko armala ce. Cizon kan zo kamar tsirar allura, wani ma ba ya ji. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya zafin zai fara hawa daga wurin. Idan a ƙafa ne sai ya kama cinya da matsematsi, ya shiga mara da baya. Idan a hannu ne sai ya nufi hamata da ƙirji. Cikin mutum kan sandare har a zaci afendis ne, kuma an sha kusantar yi wa masu wannan cizo tiyata saboda haka. Akwai wata alama da ba kasafai wani ciwo ke kawo ta ba: gumi a wurin cizon kaɗai, ko a gaɓa ɗaya, ɗayar a bushe. Sai tashin zuciya, ciwon kai, rashin natsuwa, fuska ta kumbura tana naso, bugun zuciya da jini su hau. Mara lafiya ba ya iya kwanciya wuri ɗaya, sai juyi. Jariri ba zai faɗa maka komai ba, kuka ne kawai da ba ya jin lallashi, jiki a sandare, ga gumi.

Da zarar zafi ya bar wurin cizon ya fara yawo, zaman gida ya ƙare. A kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilalul Ahmar a 997, ko 911 a yankunan da lambar ke aiki, ciki har da Makka da Madina da Riyad, ko a sa shi a mota a nufi sashen ɗawari, wato na gaggawa, a asibiti mafi kusa. Kada ya tuƙa da kansa. Idan numfashi ya yi wuya, ko leɓe da harshe sun kumbura, ko ƙirji na ciwo, ko ya suma, ba a jiran komai.

Akwai waɗanda ba a jira musu alama ma. Ƙaramin yaro, mai juna biyu, tsoho, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai sikila: idan an ga gizon da ake zargi da ido, a tafi kawai. Wanda kuma yake shakka ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, dare da rana akwai likitan da zai saurare shi. Ina jaddada wannan ga 'yan'uwanmu da matsalar iƙama ke sa su ƙi asibiti har sai ciwo ya ci ƙarfinsu, da masu aiki a gonakin dabino da garken raƙuma nesa da gari waɗanda sai sun jira motar kafili. Mai aiki a daji ya kira tun alamar farko, domin tazarar hanya ma lissafi ce.

Kada a manta cewa a ƙasar nan kunama ta fi gizo yawan harbi da yawan haɗari nesa ba kusa ba. Yaron da ya ƙwalla ƙara cikin duhu, ga dalalar miyau da amai da gumi, a ɗauke shi a matsayin harbin kunama har sai likita ya ce ba haka ba. Ita tana da allurar karya dafi da ake haɗawa a cikin ƙasar, a wata cibiya da ke Riyad, kuma saurin kai yaro shi ne ke ceton sa.

Mataki na huɗu: a gaban likita

Ka faɗi abu huɗu a jere: ƙarfe nawa abin ya faru, me yake yi a lokacin, ta ina zafin ya bi, da cututtuka da magungunan da yake sha. Ka nuna hoton. Idan an shafa wani abu ko an tsaga, ka faɗa, ba wurin jin kunya ba ne. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da mai fassara, ko ya kira wani a waya.

Abin da za a yi wa mai cizon armala yawanci shi ne maganin zafi mai ƙarfi ta jijiya, da maganin sassauta tsoka, da sa ido a kan jini da zuciya. Za a tambayi allurar tetanus: idan ta wuce shekara 10, ko shekara 5 ga rauni mai datti, sai a sabunta. Akwai allurar karya dafin wannan dangi a duniya, Amurka na da tata tun 1936, Ostireliya tun 1956, amma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, kuma da jinin doki ake haɗa ta, tana iya tayar da borin jini mai tsanani. Wani babban gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2014 ma bai ga ta fi maganin zafi da wani abin a zo a gani ba. Don haka idan ba a yi maka ita ba, ba sakaci ba ne. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin kwana 1 zuwa 3, ko da yake kasala da ciwon jiki na iya ɗan jan lokaci. Mutuwa daga wannan cizo abu ne mai wuyar faruwa idan an samu kulawa, amma azabarsa ta isa ta sa ƙato kuka.

Mataki na biyar: idan fata ce ta fara sauyawa

Cizon mai ɓuya ba ya gaggawa. Da farko babu zafi, sai bayan awa 2 zuwa 8 wurin ya fara zugi. Mafi yawan cizon a nan yake tsayawa, ja da ɗan kumburi, ya warke cikin mako guda. Kaɗan ne ke wucewa gaba: tsakiya ta yi shuɗi-shuɗi ta lotsa, fari ya kewaye ta, ja ya kewaye farin. A baƙar fata waɗannan launuka ba sa fita sosai, sai ka lura da wurin da ya fi sauran duhu, ya taurare, ya nutsa ciki. Bayan kwanaki sai ɓawo baƙi ya rufe shi, daga baya ya faɗi ya bar miki. Warkewarsa makonni ne, wani lokaci watanni, musamman a wuri mai kitse kamar cinya da ɗuwawu.

Kullum da safe ka wanke, ka rufe da bandeji mai tsabta, ka ɗauki hoto a haske iri ɗaya, ka kwatanta da zanen biron jiya. Kada ka ɓamɓare ɓawon. Kada ka matsa wa likita ya yanke wurin tun da wuri: an daina wannan, domin sai iyakar mataccen nama ta fito sarai ake sanin abin da za a cire, yankan gaggawa kuwa tabo yake ƙarawa.

Haɗarin da ya fi mikin shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin jini, kuma yara ya fi kamawa, cikin makon farko. Uwa, ki riƙa duba fitsarin yaron. Idan ya koma launin baƙin shayi, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko tafin hannunsa ya yi fari, ga zazzaɓi da kasala, a koma ɗawari a ranar, domin ƙoda na iya tsayawa. Mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, da ƙarancin sinadarin G6PD wanda a nan ake kira animiyar ful, dole mu ambaci waɗannan ga likita tun kafin ya tambaya. Akwai wani tsohon magani, dafson, da a da ake bayarwa saboda irin wannan cizo. Ba a tabbatar da amfaninsa ba, kuma ga mai ƙarancin G6PD shi kansa yana fasa jini.

Mataki na shida: ka tambayi kanka ko gizo ne ma

A wani sashen gaggawa a Kalifoniya an bi mutum 182 da suka zo da kansu suna cewa gizo ya cije su. Bakwai kawai aka samu cizon gizo ne. Fiye da kashi 85 cikin 100 ƙwayar cuta ce ta kama musu fata. Ba na jin labarin zai bambanta a unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Jarwal.

Gizo sau ɗaya yake cizo ya gudu. Idan ƙurajen da yawa ne, ko suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ko mutum uku a ɗaki guda duk suna da su, to a nemi wani dalili: maruru mai yaɗuwa ta tawul da shimfiɗa, kuɗin cizo, ko ƙazuwa. Kumburi mai zafi da ya taso ya tara mugunya maruru ne, cizon mai ɓuya lotsawa yake yi. Ƙananan bororo da suka jeru a gefe ɗaya na ƙirji ko fuska suna raɗaɗi, waɗanda aka fi liƙa wa tautau, sau da yawa ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara cikin awa 72. Mikin da ba ya zafi, ya yi wata da watanni a fuska ko hannu ga wanda ya yi aiki a gonakin Ƙasim ko Ahsa ko kewayen Madina, a gwada shi don lishmaniya, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa. Mai ciwon suga kuwa duk baƙin tabo a ƙafarsa na likita ne a ranar, kada a sa gizo a maganar.

Jan da ya tsallake zanen biro cikin awoyi, ko ya ja layi ya nufi hamata ko matsematsi, ko zafi ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ga zazzaɓi da rawar sanyi, wannan cuta ce mai gudu a ƙarƙashin fata, kuma tana kisa fiye da kowane gizo. Tun 2018 hukuma ta tsananta hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, don haka kada ka je kana roƙon mai saidaliyya, kada kuma ka sha ragowar kafso ɗin wani.

Mataki na bakwai: gyaran gida da wurin aiki

A kakkaɓe takalmi da safa kafin a saka, musamman wanda ya kwana a waje. Bargo da rigunan sanyi da aka ciro bayan watanni, da harami da ke ninke tun bara, a baza su a rana a girgiza. Masu ajiye kwalayen kaya a saman soro ko sito suna jiran lokacin Hajji su sa safar hannu kafin su ɗaga, su jawo kwali ta gefe maimakon cusa yatsu ƙarƙashinsa, in da hali su koma ajiya a robobi masu murfi. A matsar da gado daga bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa. Mai gyaran dabino da mai ɗiban itace su sa dogon hannu. A bayan gida na waje a haska fitila kafin a tsuguna. Wasu ba sa son kashe gizo saboda labarin saƙar da ke bakin kogon Sauru lokacin Hijira, kuma babu mai tilasta musu: tsintsiya mai dogon kara ta isa, a share saƙar da jakar ƙwan a fitar waje, a maimaita duk mako.

Feshi ba ya cika kama gizo, domin a lungu yake kuma ba ya jan ciki a ƙasa yadda kyankyaso ke yi. Abin da ba za ka taɓa yarda a shigo maka da shi ba shi ne ƙwayoyin nan masu launin toka na fosfid, waɗanda aka fi sani da fostoksin, da wasu masu feshin bayan fage ke ajiyewa a kusurwar ɗaki. Na rumbun hatsi ne, an haramta amfani da su a gidajen zama. Da sun sha damshin iska sai su saki iskar guba mai bin ƙofa da bututun mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta shiga gidan maƙwabci, ta kashe yara a cikin barci, kuma hakan ya sha faruwa a Jidda da wasu garuruwan ƙasar nan. Ba ta da makari. Idan za a yi feshi, a kira kamfani mai lasisi, a tambayi sunan maganin kafin a buɗe musu ƙofa, a kuma tambayi awa nawa za a yi kafin yara su dawo ɗaki.